Baturen da ya sauko daga mota: jawabin taron kaka

Ƴan'uwa da suka zo daga Yamai da Maraɗi da Damagaram, da ƴan ci-ranin da suka tsallako daga Kano da Legas, sannunku da hanya.

An ɗora mana magana kan kuɗin ƙungiya da abin da za a yi da su bana. Kafin mu kai can, ku yi haƙuri mu ratsa ta wajen ƴan mishan. Wani zai ce mi ya gama mu da su. Gaskiya ne mafi yawanmu Musulmi ne, kuma ba wa'azi muka zo yi ba. Amma wane gida ne a nan bai taɓa kai maras lafiya Galmi ba? Tun 1950 asibitin nan yake. Na Danja kuwa, kudu da Maraɗi, an buɗe shi a 1956 don kutare, zamanin da ɗan'uwa ke ƙin sa hannu ƙwarya ɗaya da kuturu, su kuma suna wanke masa miki.

Wanda muke so mu tsaya a kansa shi ne Toni Rinodo, mutumin Ostareliya, malamin gona, da mishan ta SIM ta kawo Maraɗi a 1981. Aikinsa dashen itace. Ya reni ƴan itatuwa a leda, ya loda a mota, ya bi ƙauyuka yana rabawa. Kun san ƙarshen irin wannan dashe: rana ta ƙone wasu, awaki su ci wasu, gara ta gama da saura. Mai gona ma bai damu ba, tunda ba shi ya roƙa ba. Kuma a lokacin doka ta ce itace na gwamnati ne, in ka sari reshe cikin gonarka ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. Wa zai yi wahalar renon abin da ba nasa ba?

Wata rana a 1983, yana tafe da lodin dashe, ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi. Shi da bakinsa ya ce a ranar ya kusa fid da rai, har ya roƙi Allah gafara da buɗi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a bakin hanya, irin wanda ya sha wucewa yana ɗauka ciyawa ce. Ya taka ya je, ya duƙa, ya dubi ganyen. Ashe itace ne da aka sare, kututturen na da rai, saiwar na can ƙasa, kowace shekara yana toho, kowace shekara sassabe na share shi.

Iyayenmu, ku kun riga shi sanin haka. Wane manomi ne bai san kalgo da sabara suna tohowa ba? Abin da ya yi shi ne ya yarda cewa shekara biyu yana jidar itace zuwa wurin da itace yake. Ba kowane mai takardar ilimi ke iya faɗin haka gaban talakawa ba. Daga nan ya koma bin gonaki da Hausarsa, yana cewa a zaɓi toho mai ƙarfi a kan kututture, ɗaya ko kaɗan, a datse saura, a bar shi ya tashi. Abin da ake kira sassabin zamani ke nan. Da fari dariya aka yi masa, don a wurinmu gona mai tsabta ita ce gonar mutumin kirki.

Sai yunwar 1984 ta zo, El Buhari, ga iyaka a rufe. Mishan ta raba abinci, da sharaɗin a bar itace a gona. Aka bari, dubbai bisa dubbai. Da rabon ya ƙare, wajen kashi biyu cikin uku aka sare. To, a nan ne muke so ku saurara. Hatsin ya ceci rayuka, ba mu raina shi ba. Amma itacen da aka bari don buhu, ya tafi tare da buhu. Wanda ya tsaya, na mutanen da aka zauna da su ne a gindin inuwa, aka ji tsoronsu na tara da na ɓarayin itace, aka koma wajensu damana bayan damana, har suka ga da idonsu iska ta daina binne shuka, mata sun huta da tafiyar neman kirare. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Mutumin nan ya yi sama da shekara 15 a ƙasar nan. A shekarun 2000 masu bincike suka ƙiyasta eka miliyan 5, irin ekar faransi, da itace wajen miliyan 200. Kuma kada a ba Bature duka ladan: a kudancin Damagaram manoma da kansu suka cika gonaki da gawo.

Yanzu mu dawo gida. Injin niƙan da muka sayo, a Yamai muka yanke shawararsa, dare ɗaya, cikinmu babu mace ko guda. Muka kawo shi da kiɗa, muka ɗauki hoto. Ba mu tambayi wa zai sayi gazuwal ba, balle wa zai gyara. Ga shi can rufe da buhu, iyayenmu mata sun koma turmi, kuma saboda kunya ba wadda ta ce mana uffan. Mu ƴan gari ne, amma ranar nan ba mu sauko daga mota ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Kada a taɓa kuɗin asusu a wannan zama. A fid da mutum uku, ɗaya mace, su kwana bakwai a gari kafin ƴan ci-rani su watse. Su bi gida gida, har unguwar masu ƙaramin ƙarfi da ba su zuwa taro, har gidajen ƴan'uwanmu Kirista. Kada su ɗauki alkawarin komi. Abin da suka jiyo, magatakarda ya rubuta, a karanta a taro mai zuwa.

Wanda ya yarda a aike shi, ya ba da sunansa bayan la'asar.