Gadon Mai Taɓin Hankali a Birnin Tarayya



Malaman fiƙihu sun lissafa kiyaye hankali cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su, amma duk wanda ɗan'uwansa ya rikice da tsakar dare a Nyanya ko Kubwa, aka taru aka danne shi cikin motar haya, aka nufi Asibitin Ƙasa, ko na Karu, ko na koyarwa da ke Gwagwalada, ya san cewa abin da ya fi tsoron ji daga bakin ma'aikacin jinya shi ne babu gado. Daga nan sai shawarar hanyar Kaduna, zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ga wanda yake da halin tafiya. Wanda ba shi da hali kuwa, gida zai koma, uwa ta bar sana'arta ta zauna gadin ƙofa, har gajiya ta sa a nemi gidan mari.

Haƙiƙa a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta shafe ta 1958, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai doka ba ta gina ɗakin jinya sai an ware mata kuɗi, likitocin fannin kuma ba su kai 300 ba a faɗin Nijeriya.