Jawabi Kan Wayar Batirin Tsohon Babur

 

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana kan wayar batir. Wani zai ce me ya kawo zancen waya cikin taron ƙungiya? To, da yawanmu a nan Sabo babur shi ne gonarmu, kuma ba kowa ke da kuɗin sabo ba. Wayar nan da ba ta wuce kamu biyu ba, in aka sa wadda ba ta dace ba, tana iya ƙone babur ƙurmus.

Da farko mutum ya san irin babur ɗinsa. Tsofaffi irin su roba-roba, wato Honda C70, da CG125 na farko-farko wanda aka fara ƙerawa a 1975, batirinsu mai bolt 6 ne. Na baya-bayan nan bolt 12 ne. Ƙwan fitila mai wat 18 yana jan amfiya 3 a bolt 6, amma a bolt 12 ɗaya da rabi kawai yake ja. Wato tsohon babur ya fi sabo bukatar waya mai kauri, ko da yake batirinsa ya fi ƙanƙanta. Nan mutane da yawa ke yin kuskure, su ce ai ƙaramar wuta ce, kowace waya ma ta yi.

In babur na kik ne zalla, aikin batir kaɗan ne: ham, sigina, da fitilar birki. A yawancinsu babbar fitila ma daga inji take samun wuta kai tsaye. Waya mai mm 1.5 zuwa mm 2.5 ta wadatar, da fiyus irin wanda babur ya zo da shi. Don Allah a daina sa takardar kwalin sigari ko guntuwar waya a gurbin fiyus. Aikinsa ke nan ya ƙone kafin waya ta ƙone.

Mai sitata kuwa, wannan wani zance ne. Ko a ƙaramin inji, sitata na iya jan amfiya 50 a lokacin tayarwa. Bari mu yi ɗan lissafi. Wayar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da kaurin mm 1, in amfiya 50 ta bi ta cikinta, kusan bolt ɗaya ne zai salwanta a hanya, ya koma zafi. In mm 2.5 ce, asarar kamar kashi ɗaya cikin uku na bolt ce. In mm 6 ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Shi ya sa za ka ji sitata na ƙas-ƙas, ka je ka sayi sabon batir, ka dawo matsala na nan, alhali waya ce. Ga babur mai cc 100 zuwa 150 muna ba da shawarar mm 6 zuwa mm 10. Manya irin CB750 su ne ke son mm 16. Sa wadda ta fi haka ba ya ɓata komai, sai dai asarar kuɗi da wahalar lanƙwasawa a ƙarƙashin kujera.

Wani lokaci za ku ga lambar Amurka a jikin waya, AWG. Ita a juye take, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Lamba 8 ta ɗan wuce mm 8, lamba 10 kuma ta ɗan wuce mm 5.

Yanzu ga inda muke so a saurara da kyau. Kaurin da muke ta faɗa na ƙarfen ciki ne, ba na robar da ta lulluɓe shi ba. A kasuwa akwai waya mai ƙatuwar roba, ciki 'yan silalla ƙwaya kaɗan. Akwai kuma alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, wanda ƙarfin ɗaukar wutarsa bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe na gaskiya ba. Ka ce wa mai shago ya fere maka bakinta, ka kankare sili ɗaya da wuƙa. In ka ga fari a ciki, ajiye masa abarsa. Haka nan kada a sa wayar gida mai sili ɗaya ƙato, girgizar babur za ta karya ta. Mai silalla da yawa ake nema.

Sannan wayar da ke zuwa jikin babur, wadda makanikai ke kira at, dole kaurinta ya zama ɗaya da na jar waya, domin duk wutar da ta fita ta can take dawowa. Mu da ke zaune a Kudu mun san damina a nan doguwa ce, ba kamar gida ba, laima na cin kan waya har ya yi kore. A goge shi da samfefa, a matse kan da kyau, a ɗaure, a ɗan shafa man basilin. In za a kwance batir a fara cire at, in za a mayar ita ce ta ƙarshe.

Wanda ke da tambaya ya same mu bayan an tashi, ya zo da guntun wayarsa mu duba tare. Allah ya kiyaye hanya. Wassalamu alaikum.