Tsakanin "Ina Rubutawa" da "Na Rubuta" a Turanci



Bahaushe kan ce, "Gobe war haka ina rubuta rahoto," ko kuwa, "Gobe war haka na rubuta shi." Kalmar gobe ce ta kai zancen gaba. Bature kuwa sai ya sake fasalin aikatau. Na farko shi ne "I shall be writing": lokacin zai tarar da kai cikin aiki. Na biyu, "I shall have written": zai tarar ka gama.

To, ma'aikaci ya yi hattara. In ka rubuta wa Babban Sakatare "I shall have written it by Monday", ran Litinin zai nemi rahoto bisa teburinsa. In ba ka tabbata ba, tsaya ga na farko. Alkawari kaya ne.