Jini a Bakin Asuwaki

 Hirarmu ta yau a kan dasashi take, wato naman nan da ke riƙe da haƙora, da kuma man goge baki na ganyaye wanda ya cika kasuwanninmu.

Abin da ya kawo maganar shi ne wannan. Ran nan a ajinmu na Karofane, wani dattijo cikin ɗalibaina ya zo da man goge baki a aljihu. A jikin kwalin akwai hoton ɗanyen ganye da kanumfari. Ya ce: "Malam, kullum na yi asuwaki sai in ga jini. Mai tebur ya ce wannan maganin ganye ne, sati guda ya ishe ni. Ga shi wata ya yi, jini bai tsaya ba." Na tambaye shi yadda yake yi. Ashe lakuta yake da yatsa, ya shafa a dasashi, ya kwanta. Asuwakin ma ya daina, don tsoron jini. Kuɗin da ya kashe sun isa awon hatsi.

To, ɗan'uwa, mine ne ke sa dasashi jini?

Bayan ka ci tuwo ko ka sha fura, wata dauɗa mai laushi takan taru a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Sa farce ka kankara da safe, za ka gan ta fara-fara. Ba sauran abinci kaɗai ba ne. Ƙwayoyin cuta ne cunkushe, waɗanda ido ba ya gani. In ta daɗe a wurin, sai dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini da an taɓa shi, baki kuma ya yi wari. In aka ƙyale ta kwanaki, sai ta daskare ta zama kamar dutse. Daga nan ba asuwaki, ba buroshi da zai ciro ta, sai likitan haƙori da ƙarfensa.

A matakin farko ciwon yana warkewa sarai. Amma in ya shekara da shekaru, sai ya gangara ya ci ƙashin da haƙori ke tsaye a ciki. Kun san yadda ruwan kwari ke zaizaye gindin itace har saiwa ta fito. Haka haƙori ke yin tsawo, ya yi girgiɗi, ya faɗi, alhali kuwa shi kansa lafiya lau yake. Ƙashin da ya tafi ba ya komowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022, kusan babban mutum 1 cikin 5 a duniya yana da wannan ciwo mai tsanani. Ke nan ba tsufa ne kaɗai ke kawo giɓi ba.

Yanzu mu komo kan man ganye. Shin ƙarya ne? A'a. Itatuwan da ake sawa ciki mun san su. Akwai dogon yaro, akwai kanumfari, akwai na'ana'a, akwai itacen asuwaki wanda Larabawa ke kira arak, wanda alhazai ke kawo mana tsaraba. Suna da abubuwan da ke rage ƙarfin ƙwayoyin cuta. Likitoci sun gwada irin wannan mai da wanda ba na ganye ba, suka tarar galibi aikinsu ɗaya ne wajen rage dauɗa da kumburi. Amma duk waɗanda aka yi gwajin da su gogewa suke yi da buroshi. Mai taimako ne kawai. Hannunka ne ke fidda dauɗar. Ko wane manomi ya san zuba taki ba ya hana noman ciyawa.

Dogon yaron ma ba sai an kawo mana shi daga Indiya cikin kwali ba, ko da yake can ne asalinsa. Tun 1975 manoman kwarin Majiya, cikin yankin Buza, suka fara dasa shi layi-layi tare da ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji, domin tare iska. Yau ga shi a ƙofar gida, a bakin masallaci, a filin makaranta. Wanda ba ya da kuɗin mai, kada ya ce ba ya da abin gyaran baki. Ga yadda za ka yi.

Ka sami ɗanyen reshe mai kaurin ƙaramin yatsa, tsawon taki guda. Ka wanke shi. Ka tauna bakinsa har ya yi laushi kamar gashi. Ka goge daga dasashi zuwa bakin haƙori, a hankali, haƙori ɗaya-ɗaya. Kada ka tsaya ga na gaba da mutane ke gani. Ka bi turame na ciki, ka bi bayan haƙora wajen harshe, nan ne dauɗa ke ɓuya. Yawo da asuwaki a baki ana hira ba gogewa ba ce. Kowace rana ka yanke bakin da ka tauna, ka buɗe sabo. Kuma ƙaramin reshe ya isa, kada a sassare itacen da aka sha wahalar dasawa.

In kuwa kana da halin sayen mai, to, a nan ne karatunmu zai yi rana. Kada ka sayi hoto, ka sayi rubutu. Juya kwalin ka nemi abu 2. Na farko, kalmar nan mai farawa da haruffa F-L-U-O-R, da lamba kusa da ita tsakanin 1000 da 1500. Wannan sinadari ne mai ƙarfafa haƙori, ya kare shi daga ruɓewa. Ganye ba ya maye gurbinsa, kuma akwai man ganye da yawa da ba su da shi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mai irin wannan cikin jerin magungunan da ba a rasa su. Na biyu, wata da shekarar da man zai lalace. Ranar nan a aji mun rubuta kalmar a allo, muka juya kwalin dattijon, kowa ya duba. Shi da kansa ya ce: "Malam, babu ta."

Gogewa sau 2 ce a rana, da safe da kuma kafin kwanciya, kamar minti 2 kowace. Ta dare ta fi muhimmanci, don miyau yana raguwa cikin barci. Babba ya sa mai kamar ƙwayar wake. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 6 ma kada ya wuce haka. Wanda bai kai 3 ba, kamar ƙwayar shinkafa. A tofar, kada a haɗiye. Kowa da buroshinsa, mai laushi, a sake shi bayan wata 3.

In ka ga jini, kada ka daina. Wurin da ke jini shi ne ya fi bukatar gogewa. Ka ci gaba a hankali, cikin sati 1 zuwa 2 za ka ga sauƙi. Kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri yana kwantar da zafi. Ruwan bagaruwa yana ɗaure dasashi kamar yadda yake ɗaure fata a majema, amma ba ya fidda dauɗa. Gawayi da toka da yashi suna kankare bayan haƙori, a bar su. Shan taba kuwa yana ɓoye jinin, ciwo na ci daga ƙasa. In sati 2 ya wuce jini bai tsaya ba, ko ka ga mugunya, ko haƙori na motsi, ka tafi gidan likita. Mace mai ciki da mai ciwon sukari su fi kowa lura, don dasashinsu ya fi saurin kumbura.

Iyaye mata, saura magana guda, kuma ita ce mafi nauyi. Akwai ciwon zaizayar baki, wanda likitoci ke kira noma. Ya fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi. Farkonsa dasashi ne mai jini da wari. Cikin kwanaki kaɗan kumatu ya kumbura, ya yi baƙi, ya huje. Yawancin yaran da ba a kai likita ba, ba sa rayuwa. Waɗanda suka tsira, a Sakkwato akwai asibitin da aka buɗe a 1999 domin gyaran fuskarsu, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Amma a farkonsa maganin likita yana tsai da shi. Don haka uwa, ki riƙa buɗe bakin ɗanki kina dubawa, ranar wanka ko bayan ciwo. In kin ga jini da wari da zazzaɓi, ba zancen man ganye ba ne, ba na jiƙo ba. Ki goya shi zuwa likita ranar nan, kada ki jira ranar kasuwa.

Dattijon nan ya koma ga asuwakinsa, safe da dare. Bayan sati 2 ya nuna mini bakin itacen, babu ja. Yanzu shi ke karanta wa maƙwabtansa kwali kafin su biya.

Ga jimlar da malamai za su rubuta a allo wannan sati: "Hannu ke wanke baki." Ga kuma tambayoyin tattaunawa. Wane itace kuke asuwaki da shi a garinku? Wa ke duba bakin yara a gidanku?

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.