Lauya, Inshora da Cinikin Gida



Mai sayen doki yana iya duba haƙoransa. Mai sayen gida kuwa, bayan bango da rufi, yana sayen tarihin da ido ba ya gani: ko an taɓa jinginar da gidan, ko akwai magajin da ba a sallama ba. Tono wannan tarihi shi ne aikin lauya. To, idan an bincika kuma aka kuskure, wa zai ɗauki hasara?

Wannan tambaya ta je gaban Kotun Ƙoli ta Jihar Fensilbaniya a Amurka cikin 1868. Watson ya sayi fili bisa binciken Muirhead, mai sana'ar duba takardun mallaka. Muirhead ya ga hukuncin bashi a kan filin, amma wani lauya ya ce masa hukuncin ba shi da ƙarfi, sai ya yi shiru. Daga bisani aka yi gwanjon filin don biyan bashin. Kotu ta ce babu sakaci, saboda haka Watson ya tashi a tutar babu.

A 1876 aka kafa kamfanin farko na inshorar mallaka a Filadelfiya. Inshorar mota tana tsare mutum daga haɗarin gobe, wannan kuwa daga aibin jiya. Sau ɗaya ake biyan kuɗinta, ranar ciniki, in rigima ta taso kamfani ya tsaya wa mai gida a kotu ko ya biya shi.

A Nijeriya wannan inshora ba ta kafu ba, don haka nauyin duka yana wuyan lauya. Abin mamaki, mukan ba dillali la'adarsa da fara'a, mu ga kuɗin lauya ɓarna ne. Alhali Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, kuma sashe na 22 ya hana mai haƙƙin mallaka na hukuma sayarwa ko jinginarwa sai da yardarsa. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka ƙulla ba tare da wannan yarda ba. In banki ya faɗa wannan rami, ina ga malamin makarantar da ya tara albashinsa?

Ko takardar shaidar mallaka ma ba ta isa ba. A shari'ar Ogunleye da Oni, 1990, kotun ta nuna cewa wannan takarda ba ta kuɓutar da mai riƙe da ita idan wani ya riga shi samun haƙƙi a filin. Shi ya sa lauya ke zuwa ofishin rajistar filaye da kansa, ya bi sunayen masu gidan ɗaya bayan ɗaya, kafin a miƙa ko kwabo.