RUBUTUN ALLO: A ZAƁI BAƘAƘE MASU KAURI

Wannan shi ne jawabin da wani malamin yaƙi da jahilci ya yi wa ɗalibansa a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni.

Duk wanda ya bi titin Zariya, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, zai ga alluna barkatai. Ga na mai shayi, ga na tela, ga na mai kemis. Wani allon ana karanta shi daga tsallaken titi. Wani kuwa sai an matsa kusa an ƙura ido. Bambancin yana ga irin baƙaƙen da aka zaɓa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Lambar asusun banki guda 10 ce, ta waya kuma 11. Idan mai shago ya rubuta tasa da siririn rubutu mai lanƙwasa, mai saye zai iya ɗaukar 1 a matsayin 7, ko 3 a matsayin 8. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya hana kuɗi zuwa, ko ya kai su hannun wani. Haka nan takardar magani. Cokali 1 da cokali 7 ba ɗaya ba ne.

To, me ya kamata a duba?

Na ɗaya, kauri. Baƙi mai kauri ana hango shi daga nesa, ko da ido ya fara rauni.

Na biyu, tazara. Dattawa sun san tafireta. A jikinta kowane baƙi fili ɗaya yake ci. Siririn "i" da faffaɗan "m" duk rabonsu ɗaya. Saboda haka lambobi sukan jeru, wannan a ƙarƙashin wannan, kamar kunyoyin gona. A kwamfuta ma akwai irin wannan rubutu. Ɗaya daga ciki sunansa Courier. Ya dace da jerin farashi da lambar asusu.

Na uku, kama. A tabbata sifiri bai yi kama da "O" ba, 5 kuma bai yi kama da "S" ba.

Na huɗu, ƙugiya. Hausa tana da ɓ da ɗ da ƙ. Kara daban, ƙara daban. Wasu rubutun kwamfuta ba su da waɗannan baƙaƙe. Kafin a biya mai buga takarda, a sa shi ya buga su a gani.

Wayar hannu ma ana iya ƙara wa rubutunta girma. Wanda bai iya ba, ya tambayi masu gyaran waya a Farm Centre, ko wani yaro a gida.

Daga ƙarshe, in an gama allo, kada a yi saurin kafa shi. A ja da baya taku 10, a sa ɗan aji ɗaya ya karanta. In ya karanta ba gargada, allo ya yi. In ya tsaya yana lalube, a sake. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.