CIWON NIƘRIS: KADA GWIWA TA RABA MU DA SUJADA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Bayan haka, maganarmu a yau kan wani ciwon gaɓoɓi ne da Larabawa ke kira Niƙris. Tsohon ciwo ne, domin likitan nan Abubakar Ar-Razi ya yi rubutu a kansa fiye da shekara 1,000 da suka wuce.

Asalinsa wani sinadari ne, yurik asid, wanda ƙoda ke fitarwa cikin fitsari. In ya yi yawa a jini, sai ya daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Galibi cikin dare yake tashi, ya fara da babban ɗan yatsan ƙafa, ya kumbura, ya ɗau zafi, ko mayafi ba ya son ya taɓa shi. Yakan kama idon sawu da gwiwa, ruku'u ya gagara, balle zaman tahiya. In aka yi sakaci shekaru, gaɓar na lalacewa, ƙoda ta yi tsakuwa.

Akwai gado a ciki, akwai ƙiba da ciwon ƙoda. Yawan jan nama, kayan ciki, lemon kwalba, da giya, wadda dama haramun ce, duk suna rura shi. Saboda haka a yi hattara da naman layya, a yawaita shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur.

'Yan'uwa, wannan ba sammu ba ne, kuma yana da magani. A je asibiti a auna jini. A daina dogaro da ƙwayoyin kashe zafi na kemis, domin yawansu na cutar da ƙoda. Wanda ciwon ya kayar, ya yi sallarsa a zaune, shari'a ta sauwaƙe masa.

Allah Ya ba mu lafiyar bauta Masa. Wassalam.